Gida Mai Magana: Yadda Ake Sa Amfilifayar Falo Ta Riƙa Yin Shela

A ƙasashen Turai da Amurka, har ma da gidajen waɗansu masu hali a manyan biranenmu, an shigo da wani salon zama wanda ake kira gida mai sarrafa kansa. Abin nufi shi ne gidan da aka haɗa fitilunsa da makullan ƙofofinsa da na'urorin sanyaya ɗaki da injin wanki, aka danƙa ragamarsu duka a hannun wata 'yar ƙaramar kwamfuta wadda take lura da su dare da rana. In magariba ta yi ita ce za ta kunna fitilar ƙofar gida, in kowa ya fita ita ce za ta kulle ƙofa. To, da yake ɗan Adam ba ya ƙin ƙari, sai masu irin waɗannan gidaje suka ga saura abu guda, watau gidan ya buɗe baki ya faɗa musu abin da yake gani: ga baƙo a ƙofa, wanki ya gama, lokacin shan maganin tsohuwa ya yi, ko kuwa, Allah ya kiyaye, ga hayaƙi a ɗakin girki.

Wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. Tun kaka da kakanni, in baƙo ya tsaya a zaure, yaro ake aikawa ya shiga ciki ya ce wai ana sallama da maigida. Duk wahalar da masana suke sha a yau ba ta wuce neman wanda zai maye gurbin wannan yaro ba. Sai dai yaron yana da ladabin da na'ura ba ta da shi. Ya san in maigida yana barci a rage murya, in yana cikin magana a dakata ya kai aya, kuma in ya gama isar da saƙo ya kan fita ya bar ɗakin yadda ya same shi.

Mafi yawan masu son gidansu ya yi magana sun riga sun mallaki abin da ya fi kome amo a cikin gidan, watau kayan sautin da ake haɗa wa talabijin don falo ya zama tamkar gidan silima. Sun kashe kuɗi masu yawa a kan lasifikoki biyar ko bakwai, saboda haka hankali zai ba da cewa a bi ta nan a yi shelar, tun da ga baki a ajiye. Amma duk wanda ya jarraba ya kan tarar aikin ya fi yadda ya zata wuya, kuma dalilin wuyar yana cikin ƙirar akwatin da ke tsakiyar kayan.

Akwatin Da Ke Tsakiya

Turawa suna kiran wannan akwati risiba, masu gyaran rediyo a kasuwanninmu kuwa sun fi saninsa da amfilifaya. Yana karɓar hoto da sauti daga wurare dabam-dabam, kamar akwatin tauraron ɗan adam da na'urar faifai da ta wasan yara. Sa'an nan ya warware sautin ya raba shi, wannan na hagu, wannan na dama, wannan na tsakiya, wannan na baya, ya ƙara masa ƙarfi har ya isa motsa lasifika. Asalin wannan rarrabawa daga gidajen silima ne. Kamfanin Dolby ya kawo sautin kewaye cikin gidajen mutane a 1982, sa'an nan a 1992 aka fara nuna fim da tsarin Dolby Digital, wanda ake rubutawa 5.1, watau lasifikoki biyar da kuma babba guda mai gurnani, wadda ke sa ƙirji ya riƙa bugawa in an yi tsawa a cikin fim. A ƙarshen 2002 kuma aka fito da igiyar HDMI mai ɗauke da hoto da sauti tare, ita ce a yau ta cika bayan kowace risiba.

Abin lura a nan shi ne, ko da akwatin yana da ƙofofin shiga goma, guda ɗaya tak yake saurara a lokaci guda. Da gangan aka gina shi haka, domin babu mai son sautin labarai ya cuɗu da na fim. Taura biyu ba ta taunuwa. Saboda haka in gidan yana son ya yi magana ta bakin akwatin alhali ana kallon ƙwallo, ba shi da hanyar sa baki a hankali kamar yadda yaron nan ya kan yi. Tilas ya ƙwace akwatin ɗungum, ya juya shi zuwa wata ƙofa, ya faɗi abin da zai faɗa, sa'an nan ya mayar.

Ita muryar kanta ta yi doguwar tafiya kafin ta kawo nan. A bikin baje kolin duniya na New York a 1939 an nuna wata na'ura mai magana, Voder, wadda Homer Dudley na ɗakunan binciken kamfanin Bell ya ƙera. Sai an horar da mata wata da watanni kafin su iya sarrafa ta da yatsu da ƙafa, kamar mai buga keken rubutu yana taka keken ɗinki. Daga baya aikin Dennis Klatt na jami'ar MIT ya haifi muryar da shahararren masanin nan Stephen Hawking ya yi amfani da ita bayan ya rasa tasa a 1985. Duk waɗannan da ka ji su ka san inji ne. Sai a 2016, da kamfanin DeepMind ya fito da WaveNet, wadda take koyon furuci daga sauraron muryoyin mutane, aka fara samun muryar da ta kan ruɗi kunne. A tsakanin nan Amazon ta fitar da 'yar lasifikarta mai ji da magana, Echo, a ƙarshen 2014, Google ta biyo baya da tata a 2016. Masu son su riƙe ragamar gidansu da kansu kuwa, da yawansu sun karkata ga Home Assistant, wata manhaja ta kyauta da wani ɗan ƙasar Holan, Paulus Schoutsen, ya fara a 2013, wadda ake sawa a 'yar kwamfutar da ba ta wuce tafin hannu ba. Da ita za mu yi misali, domin a cikinta ne ake ganin kowane mataki a fili.

Abin Da Ke Faruwa In An Danna Ƙararrawa

A ce baƙo ya danna ƙararrawar ƙofa. Labari ya isa ga kwamfutar gidan cikin ƙiftawar ido. Da farko za ta mai da rubutun da aka tanadar mata, alal misali "akwai baƙo a ƙofa", ya zama sauti, ta ajiye shi a matsayin ɗan guntun faifai. Sa'an nan ta tambayi risiba halin da take ciki: a kunne take ko a kashe, wace ƙofa take saurara, ina ma'aunin ƙararta ya tsaya. Ta rubuta amsoshin ta adana, domin da su za ta mayar da kome mazauninsa.

Yadda suke wannan zance yana da ban sha'awa. Risibobin Denon da Marantz, ga misali, suna karɓar gajerun umarni na haruffa ta hanyar sadarwar gida. In aka aika PWON ta farka, in aka aika MV50 ta kai ƙara lamba 50, umarnin da ya fara da SI kuwa shi ke sauya ƙofar shiga. Onkyo tana da nata yaren, Yamaha ma haka da tsarinta na MusicCast, kuma babu mai jin na wani. Home Assistant ita ce tafinta a tsakaninsu.

To, da ta gama tambaya sai ta kunna akwatin in a kashe yake, ta juya shi zuwa ƙofar sadarwa, ta daidaita ƙara, ta ba shi adireshin guntun faifan nan ya je ya ɗauko ya kaɗa. In ya gama ta mayar da shi ƙofarsa ta dā da ƙararsa ta dā, ko ta kashe shi. A takarda ke nan. A aikace kuwa kowane mataki yana da ramin da ake faɗawa.

Akwai jinkiri. Risiba ba fitila ba ce da za ta kama nan take. Takardar umarnin Denon da kanta ta gargaɗi mai aikawa ya dakata sakan guda bayan umarnin farkawa kafin ya aika wani, kuma wannan somin taɓi ne, domin akwai wani makunni a ciki wanda ba ya haɗa lasifikoki da amfilifaya sai wutar ciki ta daidaita, don kada tashin farko ya yi musu lahani. Shi ne ɗan "ƙas" ɗin nan da ake ji jim kaɗan bayan kunnawa. A ƙara da lokacin da sashen sadarwa zai ɗauka kafin ya ɗauko faifan. Tsarin AirPlay na Apple, alal misali, an san shi da tara sauti na kimanin sakan biyu kafin ya fara fitarwa. In aka tattara duka, ba abin mamaki ba ne baƙo ya gaji da tsayuwa, ya ƙwanƙwasa da hannu, a buɗe masa, har an fara gaisawa sa'an nan murya ta ɓarke a falo tana cewa akwai baƙo a ƙofa. Ihu bayan hari ke nan.

Wanda ya fi wannan ban haushi shi ne haɗiye kalmar farko. Sautin zamani lambobi ne, kuma duk sa'ad da sabon sauti ya shigo, risiba ta kan yi shiru na ɗan lokaci tana tantance irinsa, na hanya biyu ne ko na shida, da wane sauri aka naɗe shi. Wannan shiru a farkon fim na awa biyu babu wanda zai lura da shi. Amma a jimlar da duka tsawonta sakan biyu ne, rabi ya tafi. Mu masu magana da Hausa ya kamata mu fi kowa tsoron wannan, domin a farkon jimla mu kan sa hani. "Kada a buɗe ƙofa" in aka guntule masa kai sai ya koma "a buɗe ƙofa", watau kishiyar abin da aka nufa sarai. Maganin da masu abin suka gano mai sauƙi ne: a sa ɗan amon ƙararrawa ko shiru na sakan ɗaya ko biyu a gaban kowace shela, akwatin ya haɗiye wannan ya bar maganar. Amon ƙararrawar ma yana da wani amfani, domin shi ne sallamar, shi ke sa mutane su katse hira su kasa kunne.

Sai batun ƙara. A ma'aunin Denon lamba tana tashi daga 0 zuwa 98, kowace lamba desibel guda, kuma masana sauti sun ce ƙarin desibel 10 kunne ya kan ji shi kamar an ninka ƙara biyu. Shi sautin fim ana naɗarsa da rata mai yawa tsakanin raɗa da fashewar bam, don haka mai kallo ya kan ɗaga ƙara sosai don ya ji maganar 'yan wasa. Muryar na'ura kuwa a cike take fitowa. In aka saki shela da asuba a kan ƙarar da aka bari bayan fim ɗin daren jiya, gidan duka zai zabura, har da maƙwabta. Ƙa'ida ita ce a daidaita ƙara kafin a saki murya, a jira akwatin ya tabbatar ya karɓa, a kuma bambanta ƙarar dare da ta rana.

Amma inda aka fi shan kashi shi ne wajen mayar da kome mazauninsa. Sauya ƙofa ba ya tsai da fim. Na'urar da ke kaɗa shi ba ta san an juya mata baya ba, tana ta tafiya, sai an dawo a tarar an riga an kama ɓarawon ko an ɗaura auren. Dole kwamfutar gidan ta aika wa ita ma umarnin dakatawa, in tana jin yarenta. In kuwa waƙa ko tashar rediyo ake ji ta sashen sadarwa na risibar kanta, shelar ta kan ture ta ne ta hau mazauninta, kuma sau da yawa babu hanyar komawa daidai inda aka tsaya. Ga kuma tambayar yaushe shelar ta ƙare. Waɗansu akwatunan ba sa saurin ba da labarin sun gama, sai mai tsarawa ya yi kintace ya ce a jira sakan biyar. In jimlar ta fi haka tsawo a datse mata wutsiya, in ta gaza a zauna cikin shiru ana duban juna.

Akwai ma wani tarko da sai wanda ya daɗe a cikin sha'anin ya san shi. A ce shela ta farko tana cikin tafiya sai ta biyu ta taso, kamar yaro ya danna ƙararrawa sau biyu. Ta biyun za ta tambayi risiba halinta, ta tarar tana kan ƙofar sadarwa da ƙarar shela, ta rubuta wannan a matsayin asalin hali. In ta gama can za ta mayar da akwatin, fim ya ɓace ke nan sai an nemo rimot. Maganinsa a sa shelolin su bi layi, ɗaya bayan ɗaya, kuma Home Assistant ta tanadi wannan tsari.

Igiyar HDMI ma tana da nata ƙulli. A cikin wayoyinta 19 akwai guda, ta 13, da aka keɓe don kayan falo su riƙa yi wa juna magana, ana kiran tsarin CEC, ko da yake Samsung ta raɗa masa Anynet+, Sony ta ce Bravia Sync. Don alheri aka yi shi, don rimot guda ya isa. Amma a waɗansu haɗe-haɗen, da risiba ta farka sai talabijin ya farka tare da ita cikin dare, ko kuwa ya jawo akwatin zuwa ƙofarsa ana tsakiyar shela. In aka kashe tsarin a huta, sai a koma juya rimot uku.

Hanyoyin Kaucewa

Risibobi da yawa suna da abin da ake kira sashe na biyu, wanda yake iya ciyar da lasifikokin wani ɗaki da sauti dabam daga na falo. Masu dabara su kan ware wannan sashe don shela kaɗai, a bar shi kullum a kan ƙofa guda da ƙara guda, a jona masa 'yar na'urar da ke karɓar sauti daga kwamfutar gida. An yi yayin Chromecast Audio don wannan aiki, wata 'yar na'ura ta dala 35 da Google ta fitar a 2015 ta daina yi a farkon 2019. Sai dai a lura, a tsofaffin akwatuna da masu araha sashe na biyu ba ya karɓar sautin HDMI, sai na wayar nan ja da fara irin ta dā. Wanda bai karanta littafin akwatinsa ba zai kwana yana neman laifin da babu.

Waɗansu kuma su kan ce a bar akwatin a kunne kullum, a huta da jinkiri. Wannan sai an yi lissafi. A ce akwati yana shan wat 40 in yana kunne ba ya aikin kome. A shekara ya sha kimanin kilowat-awa 350 ke nan, don kawai ya faɗi 'yan jimloli a rana. In kuwa gyangyaɗi yake yi, kunnensa na sadarwa kaɗai a buɗe, abin bai taka kara ya karya ba. Tarayyar Turai ta ƙayyade wa irin wannan barci wat 6 a 2015, ta rage zuwa 3 a 2017, sa'an nan 2 a 2019, kuma wat 2 a shekara bai kai kilowat-awa 18 ba. Ga mai zaune inda wuta take zuwa tana ɗaukewa, wanda batirin inbata ko man janareta yake riƙe da gidansa, wannan bambanci abin dubawa ne. A tuna kuma, wannan kunne na sadarwa a akwatuna da yawa sai an shiga an buɗe shi da hannu, in ba haka ba da akwatin ya yi barci ko an yi ta kiransa ba zai amsa ba.

Hanyar da ta fi kusa da ladabi ita ce wadda ma'aikatan gidajen rediyo suka daɗe da sani: in mai gabatarwa zai yi magana a kan kiɗa, kiɗan ya kan sunkuya, in ya gama ya ɗago. Lasifikokin Sonos suna iya wannan, haka na Amazon da na Google in suna amsa tambaya, domin an gina su da wurin haɗa sauti biyu. Risiba galibi ba ta da shi. Wannan ya sa, a ganina, ga mafi yawan gidaje abin da ya fi shi ne a bar wa risiba aikinta na fim, a sayi 'yar ƙaramar lasifika a ajiye don shela. Maganar ɗan Adam ba ta bukatar babban kaya. Wayar tarho ta shekara da shekaru tana isar da zance sarai da sautin da bai wuce kaɗawa 300 zuwa 3,400 a sakan ba, wurin da babbar lasifikar gurnani ba ta da ta cewa. Inda kwalliya take biyan kuɗin sabulu shi ne gidan da aka riga aka dasa lasifikoki a silin na ɗakuna da yawa, duk suna komawa ga risiba guda.

In Abin Ya Shafi Rai

Wani zai ce duk wannan wasan masu kuɗi ne. In shelar wanki ce, ya yi gaskiya. Amma ga makaho, ko tsohon da yake zaune shi kaɗai yana mance lokacin magani, gida mai magana taimako ne na haƙiƙa. Musulmi da dama da ke zaune a garuruwan Turai da Amurka inda ba a jin ladan su kan bi ta wannan hanya su sa kiran salla ya tashi a falo a kan lokaci, har Home Assistant tana da sashen lissafa lokutan salla. Sa'an nan ga batun gobara.

A asibitin yara na Nationwide da ke Columbus a jihar Ohayo, Dokta Gary Smith da abokan aikinsa sun gwada yara 176 masu shekara 5 zuwa 12 suna cikin barci mai nauyi, suka buga sakamakon a 2018. Ƙarar na'urar gargaɗin hayaƙi irin wadda aka saba, mai tsinin amo, kashi 53 cikin ɗari na yaran kaɗai ta tasa. Muryar mahaifiya da aka naɗa kuwa ta tashi kashi 86 zuwa 91. Sun tarar ambaton sunan yaro bai ƙara kome ba, kuma binciken da suka yi daga baya ya nuna ko muryar wata mace ce dabam tana yin aikin.

Amma fa kada wannan ya ruɗi kowa ya ɗora ran iyalinsa a kan risiba. Mai karatu ya ƙidaya abubuwan da dole su kasance lafiya kafin muryar ta fito: na'urar jin hayaƙi, da hanyar sadarwa, da kwamfuta, da risibar, da wutar lantarki da ke ciyar da su. Ga shi kuwa gobara da yawa daga wayar lantarki take tashi, kuma wutar ce ta kan fara ɗaukewa. Na'urar gargaɗi mai batirinta, wadda ƙa'idar Amurka ta wajabta ta yi ƙarar desibel 85 a tazarar ƙafa 10, ita ce tushe. Shelar falo ƙari ce, mai faɗin a wane ɗaki hayaƙin yake.

Wani haɗarin kuma shi ne dogara ga kamfanin da ke nesa. In a rumbun kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa ake haɗa muryar, to, da intanet ta yanke gidan ya zama bebe. Ranar 7 ga Disamba 2021, da rumbun Amazon na gabashin Amurka ya sami matsala, ƙararrawar ƙofa ta Ring da Alexa sun tsaya wa mutane da yawa na sa'o'i. A watan Afrilu 2022 kamfanin Insteon ya kashe nasa rumbun ba sanarwa, sai bayan wata biyu waɗansu masu amfani da kayansa suka saye shi suka farfaɗo da shi. Bugu da ƙari, duk jimlar da aka aika can don a mai da ita murya, labarin cikin gida ne aka fitar: wa ya shigo, yaushe aka fita, wane magani ake sha. Wannan ya sa aka ƙirƙiro muryoyin da ake haɗawa a cikin gida, irin su Piper da Michael Hansen ya fitar a 2023, wadda 'yar kwamfuta Raspberry Pi take iya ɗauka ba tare da intanet ba.

Hausa A Bakin Inji

Saura abin da ya shafe mu kai tsaye. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. "Baƙi" na launi da "baƙi" masu zuwa ziyara rubutunsu ɗaya, haka "gari" na zama da "gari" na tuwo, haka "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye. Bahaushe ya kan gane daga zubin zance ba tare da ya san ya yi wani aiki ba, inji kuwa sai ya koya. In aka ba muryar da aka horar da Ingilishi jimlar Hausa, abin ya kan zama abin dariya, domin ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. An dai fara samun ci gaba. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da muryoyin inji na harsuna sama da 1,100, har da Hausa, waɗanda aka horar galibi da karatun littattafan addini da aka naɗa, kuma shirin Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin Hausawa masu ba da kai.

Amma mai gida ba sai ya jira waɗannan ba. Shelolin da gida ke bukata ba su da yawa, da ƙyar su wuce ashirin. Ana iya sa uwargida ko wani mai kyakkyawan lafazi ya karanta su a wayar hannu, a ɗaki mai shiru, bakinsa a tazara guda daga wayar don ƙarar ta zo daidai, a bar ɗan shirun nan a gaban kowace. Irin wannan ta fi saurin fitowa, tun da babu abin da za a jira a haɗa, kuma ko intanet ta yanke tana nan. Abin da ke sauyawa, kamar lokaci, shi ma ana iya ɗinka shi daga guntaye yadda ake yi a tashoshin jirgin ƙasa na Turai: a naɗi ɗaya zuwa goma, da "sha", da ashirin zuwa hamsin, da "ƙarfe" da "minti" da "saura" da "da". Sai dai muryar Bahaushe gangarowa take yi daga farkon jimla zuwa ƙarshenta, don haka "biyar" na tsakiyar zance da "biyar" na ƙarshe ba amonsu ɗaya ba. Mai son ɗinkin ya ɓace sai ya naɗi kowace lamba sau biyu.